Aikin ido da na'urar leza: abin da ke hannun nas kafin wuƙa da bayanta

"'Yata, in kun ciro idon, a faranti kuke wanke shi ko a kwano?"

Wani dattijo ne ya yi mini wannan tambaya da safiyar ranar da za a cire masa yana. Tun asuba suka taso daga wani ƙauye a ƙasar Daura, ɗansa na tsaye a gefe riƙe da sandarsa. Ba raha yake yi ba, kuma duk wadda ta daɗe a ɗakin tiyatar ido a Katsina ta sha jin irinta. Na ce masa, "Baba, ba a ciro ido. Yana nan a gurbinsa, tsokoki shida na riƙe da shi, ga jijiyar gani ta ɗaure shi da ƙwaƙwalwa. Ko likita ya so, ba shi da hanyar fito da shi ya mayar." Sai da na ga kafaɗunsa sun sauka sannan na ɗaura masa abin awon jini, domin awon mai tsoro ba abin dogaro ba ne.

Yana ba wani abu ba ne da ya tsiro a saman ido. A can ciki, bayan baƙin ido, akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda bai wuce girman ƙwayar wake ba, yana zaune cikin wata 'yar jaka mai sirantaka. Shi ne ke dusashewa saboda shekaru, ko ciwon suga, ko bugu, ko yawan amfani da magungunan sitiroyid. Likita zai yi 'yar ƙofa a gefen ido, ya fitar da dusasshen madubin, ya bar jakar, ya zura na roba a cikinta. A irin aikin da aka fi yi a ƙasar nan ƙofar kan kai milimita 6 zuwa 7, kuma yawanci ba a ɗinke ta. In da na'urar fako aka yi, wadda Charles Kelman ya ƙirƙiro a Amurka a 1967, ƙofar ba ta kai milimita 3 ba, domin girgizar sauti ce ke farfasa yanar a zuƙe ta. Ko wanne aka bi, a hannun gwani abin ba ya wuce minti 15 zuwa 30.

Wannan rabin sa'ar ita ce ta likita, kuma ita mutane ke yabawa. Amma idon da ya lalace bayan aiki, sau da yawa in ka bi diddigi ba a lokacin nan aka yi asararsa ba. Ko dai an bari wani abu ya wuce kafin a shiga, ko a wurin wankin kaya, ko a gida cikin makon farko. Waɗannan wurare uku kuwa na ma'aikatan jinya ne da 'yan rakiya.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido ya biyo baya da kusan kashi 17. Binciken ya kuma gano cewa a cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, fiye da kashi 40 cikin ɗari masu yawo ƙauye-ƙauye ne suka tura yanar cikin ido da tsinke, kuma akasarin irin waɗannan idanu ba su ƙare da gani mai amfani ba. Shi ya sa aikin asibiti ɗaya da ya ɓaci ba asarar mutum ɗaya ba ce. Labarinsa zai zaga kasuwar Mai'adua kafin la'asar, tsofaffi goma su fasa zuwa.

Aikin nas yana farawa da tambayoyi, wasu ma ka ce ba su shafi ido ba. Kana tari? Wanda tari ya turnuƙe shi ido na buɗe zai iya jawo jini ya ɓalle a ciki. Za ka iya kwanciya rigingine rabin sa'a ba motsi? Mai ciwon zuciya ko asma ko ƙusumbi ba lallai ya iya ba, gara a sani tun a waje a shirya matasai. Kana ji sosai? Da wane harshe za a yi maka magana? Muna samun Fulani da Buzaye, da mutanen Maraɗi da ke shigowa ta Jibiya, da na Damagaram ta Kwangwalam, kuma wanda aka lulluɓe wa fuska ba ya ganin ishara, sai abin da kunnensa ya kama. Ana auna hawan jini da suga. Ana duba fatar ido ko akwai kwantsa ko maruru, a danna kusurwar ido ta wajen hanci a ga ko ruwa mai kauri zai fito. In ya fito, aikin ranar ya fasu, ko daga ina aka taso. Na san zafin kuɗin mota, na kuma sha harara a kan haka, amma buɗe ido a gefen mugunya ganganci ne.

Sai magunguna. Masu shan magungunan tsinka jini irin asfirin ko wafarin kada su daina da kansu, likita ne zai yanke. Akwai kuma wanda dattawa maza ba sa ambata sai an tambaye su a keɓe, wato maganin riƙewar fitsari da ake kira tamsulosin. Tun 2005 likitocin ido suka gane cewa yana sa tantanin da ke kewaye da 'yar ƙofar ido, wato baƙin ɗigon tsakiya da haske ke shiga ta cikinsa, ya yi laƙwas, ya riƙa lilo yana biyo wuƙa a tsakiyar aiki. Daina shansa mako guda kafin aiki ba ya gyara komai. Abin da ake buƙata likita ya sani ya shirya. Ba a gaban suruka ko jika ake wannan tambaya ba.

Madubin robar da za a dasa ba ɗaya ba ne ga kowa. Ana auna tsawon ido, wanda a yawancin manya yake tsakanin milimita 23 da 24, a auna lanƙwasar gabansa, sai lissafi ya ba da lamba, misali 21 ko 22. Asalin wannan dasawa ma abin mamaki ne. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da tarkacen robar murfin jirgi ya shige musu ido a Yaƙin Duniya na Biyu, idon bai yi faɗa da robar ba, sai ya dasa madubi na farko a Landan a 1949. Yau kwalaye ne jere a kabad, kamanninsu ɗaya, lamba ce kawai ta raba su. In aka ba mutum na wani, aikin zai yi kyau, ciwon ya warke, amma ya tashi yana gani dishi-dishi.

A nan ne batun suna ke da haɗari a wurinmu fiye da yadda littattafan Turawa suka hango. A ranar aikin gayya za ka samu mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Tsohuwa za ta amsa laƙabin da ba shi ne a kati ba, ba kuma za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba saboda alkunya. Mai nauyin kunne zai ce "na'am" ga duk sunan da aka kira. Don haka ba a cewa "Ke ce wance?" Cewa ake "Inna, faɗa mini sunanki da garinku," a haɗa da lambar kati. Haka idon da za a yi wa aiki: a ce ta nuna da yatsa, a duba takarda, a yi alama da alƙalami a goshi saman idon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa ta tiyata a 2008, wadda ke tsayar da kowa sau uku, kafin allurar kashe zafi, kafin wuƙa, da kafin fita. Wasu na ganinta ɓata lokaci ne in layi ya yi tsawo. Ni a ganina ranar da layi ya yi tsawo ce ranar da aka yi ta dominta.

Kamar sa'a guda kafin shiga ake fara ɗiga maganin buɗe 'yar ƙofar ido, tirofikamaid da fenilefirin. Na biyun yana iya tayar da hawan jini, don haka ga tsofaffi da masu ciwon zuciya an fi son mai ƙarfin kashi 2.5, ba mai kashi 10 ba. A wanke fuska da sabulu, a goge kwalli tas. Babban da za a yi wa allurar kashe zafi a gefen ido yawanci yana iya ɗan karyawa da shan magungunansa na safe yadda aka tsara masa. Yaro kuwa da za a sa barci, ƙa'idar da aka saba ita ce sa'a 6 ba abinci, 4 ba nono, 2 ba ruwa, kuma sai an tambayi uwa har sau biyu, don tausayi kan sa a ba shi koko a ɓoye.

A cikin ɗaki nas biyu ne. Ɗaya ta wanke hannu ta sa safar hannu, ita ke miƙa kaya. Ɗayar tana kewayawa, tana buɗe kwalaye, tana lura da majinyaci. Kafin komai sai aidin: mai ƙarfin kashi 5 a cikin ido, mai kashi 10 a fatar kewaye, a bar shi minti 3 cif. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ido bayan aiki galibi daga fatar ido da gashin idon majinyacin kansa suke fitowa, shi ya sa ake lulluɓe gashin da leda mai manne. Minti ukun nan su ne abu mafi arha a ɗakin, su ne kuma aka fi sata. In likita na sauri, aikin nas ne ta dubi agogo ta ce da saura.

Kayan aikin ido ƙanana ne ƙwarai, bakin wasu ba ya ganuwa sosai sai a madubin ƙara girma, kuma ba a damƙa wa likita su yana ɗago kai, a yatsunsa ake ajiye su idonsa na kan na'ura. Mafi wuyar sha'ani su ne siraran bututun da ake tura ruwa da su cikin ido. In wani abu ya bushe a cikinsu, ko ragowar sabulun wanki ya maƙale, tururi zai kashe ƙwayar cuta amma ba zai cire gubar ba. Washegari sai a ga ido huɗu ko biyar daga layi ɗaya sun kumbura, gabansu ya yi hazo. Maganin abin shi ne a wanke su nan take da tataccen ruwa kafin su bushe, a ɗauraye sosai, sannan a turara a tukunyar matsi, zafin digiri 121 a ma'aunin Selsiyas na aƙalla minti 15, ko 134 na aƙalla minti 3. In wuta ta ɗauke tukunya ba ta gama ba, daga farko ake sakewa. Tsoma kaya a sifirit tsakanin majinyaci da majinyaci don a ci layi, wannan ba turarawa ba ce, ko wa ya ce a yi.

Akwai kuma allurar sefuroksim, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ake sa wa a cikin ido a ƙarshen aiki. Wani babban bincike a Turai da aka wallafa a 2007 ya nuna tana rage ruɓar ido kusan ninki biyar. Abin da ake so miligiram 1 ne a cikin kashi ɗaya bisa goma na mililita, kuma inda ba a samun haɗaɗɗiya, nas ce ke sirka ta daga babbar kwalba mataki-mataki. Kuskuren sifili ɗaya ya isa ya ƙona bayan ido. Mutum biyu ke dubawa, da baki ake faɗa.

Ita mai kewayawa, rabin aikinta riƙe hannu ne. Nakan ce, "Baba, in tari ya zo ko kana son motsi, matsa hannuna, kada ka yi magana." Bayan allurar gefen ido ba a barin mutum shi kaɗai a baranda, domin a wasu lokuta ƙalilan maganin kan bi jijiya ya kai ƙwaƙwalwa, numfashi ya tsaya cikin mintuna kaɗan. A aikin gyaran harara-garke na yara kuwa, jan tsokar ido kan sa bugun zuciya ya faɗi farat ɗaya, sai an ce wa likita ya saki.

Washegari ake cire bandeji, daga nan ragamar ta koma hannun gida, kuma wanda ya kamata a koya wa shi ne wanda zai riƙa ɗiga maganin, ba wanda ya biya kuɗi ba. Sau da yawa ɗa ne ya kawo, amma jika ko suruka ce za ta yi jinya. A wanke hannu, a ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya, bakin kwalba kada ya taɓa ido, a rufe ido a danna kusurwar hanci kamar minti ɗaya. In magani biyu ne, a bar minti 5 tsakani. Nakan sa su gwada a gabana, don "na gane" ba ta da wuya a baki.

Sai tambayoyin da kowa ke yi. Alwala fa? Kada ruwa ya shiga idon a makon farko zuwa na biyu, a shafa fuska a kauce masa, ko a bi sauƙin da shari'a ta ba majinyaci. Sujada? Ya danganta da irin aikin, likita zai faɗi kwanakin, kafin nan a yi salla a zaune da nuni. Azumi? Malamai sun saɓa kan maganin ido, kuma a mazhabarmu ana duba ko ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro. Danna kusurwar nan na rage saukarsa, sauran kuma a tambayi malami, amma kada a tsallake magani a ɓoye. Ba kwalli, ba daka, ba shiƙa, ba zama kusa da hayaƙin murhu. A lokacin hunturu, in ƙura ta rufe gari, tabarau dole ne, da dare kuma a manna murfin roba don kada a sosa cikin barci. Ruwan nono, ruwan albasa, ruwan suga, da duk wani ɗigo da mai kemis ya ce "yana wanke ido," babu ko ɗaya da zai kusanci idon.

Abu uku ne ba a jiran ranar dawowa a kansu: ciwo mai ƙaruwa, gani da ya fara kyau sannan ya koma baya, da ja mai tsanani da kwantsa. Ruɓar cikin ido takan bayyana cikin makon farko, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Wanda aka yi wa aikin bayan ido aka sa masa iskar gas yana da nasa sharaɗin: kwanciya yadda aka ce, wani lokaci rub da ciki, kuma ba hawa jirgi har gas ɗin ya ƙare, mako 2 ga wani iri, har mako 8 ga wani. A sama gas ɗin kumbura yake ya toshe jinin ido. Mai niyyar Umara ko Hajji ya faɗa tun kafin a sa rana.

Yanzu leza. Mutane kan zo su ce su "aikin leza" suke so, ba na wuƙa ba. Yawancin abin da ake kira haka a bakin mutane fako ne, kuma sauti ne ba haske ba. Leza ba ta narkar da yana ta ɓace. Haske ne mai launi ɗaya da aka tattara a ɗigo guda, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi a rana. Kwatancen ma ba na wasa ba ne: kafin Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960, wani likitan Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, da hasken rana ya riƙa ƙona bayan ido a ƙarshen shekarun 1940, sai ranar da gari ya yi wasai yake aiki.

Leza mai koren haske, mai tsawon zango nanomita 532, ita ake ƙona labulen bayan ido, wato tantanin da ke karɓar haske, da ita ga masu suga ko sikila da jijiyoyin jini marasa ƙwari suka tsiro musu. Ɗigo fiye da dubu ake yi, galibi a zama biyu ko uku. Wajibi ne a gaya wa mutum gaskiya tun farko: wannan don tsare ganin da ya rage ne, ba ya dawo da wanda ya tafi, kuma ganin dare da na gefe na iya raguwa. In ba a faɗa ba, zai ce leza ce ta kashe masa ido, ya ƙi dawowa zama na biyu. Akwai kuma YAG, mai zango 1064, wadda ido ba ya ganin haskenta sam, jan ɗigon da ake gani na saiti ne kawai. Da ita ake huda 'yar ƙofa ga masu wani nau'in hawan jinin ido, da ita kuma ake buɗe jakar nan da aka bari in ta yi hazo bayan wata ko shekaru.

Hasken da ke gyara idon majinyaci zai iya makantar da wanda ke tsaye a gefe cikin ƙasa da ƙiftawa, kuma tabon da ya yi a tsakiyar gani ba ya gogewa. Don haka ɗakin leza yana da mai tsaro, yawanci nas. A rufe ƙofa a rataya alama, a rufe taga, a kawar da madubi da duk ƙarfe mai walƙiya. Duk wanda ke ciki ya sa tabarau na kariya, kuma kowace leza da nata, lambar zangon na rubuce a jikinsa. Tabaran kore ba ya tare YAG, baƙin tabarau na kasuwa kuwa ya fi babu muni, don yana buɗe ƙofar ido. Ɗan rakiya in ba dole ba ya jira a waje. In likita ya ɗago kai, na'ura ta koma matsayin jira, feda kuma ƙafa ɗaya ce ke taka ta. Inda ake ba da iskar oksijin ko aka shafa sifirit bai bushe ba, wuta na iya kamawa. In an gama a zare makulli a adana, a rubuta ƙarfin da aka yi amfani da shi da yawan harbi. Ana koyar da wannan a kwas ɗin jinyar ido irin na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, amma sabo ke sa a sassauta, ranar da aka ce "minti biyu ne kawai."

Dattijon nan na Daura ya dawo bayan kamar shekara biyu, ya ce yanar ta dawo. Na ce masa yana ba ta dawowa, jakar ce ta yi hazo, kuma yau ba wuƙa ba allura. Aka ɗiga masa magani, ya ɗora haɓa a kan na'ura, ya ji 'yan ƙas-ƙas, cikin minti biyar aka gama. Na gaya masa zai ga 'yan baƙaƙen abubuwa na yawo kwana kaɗan, amma in ya ga walƙiya ko wani labule ya sauko ta gefe, ya dawo a ranar. Ya miƙe yana neman takalmansa, wai kada motar Daura ta cika. Na ce, "Baba, zauna tukuna. Bayan wannan harbi matsin cikin ido kan hau, sai mun auna nan da sa'a guda." Ya yi ƙorafi, ɗansa ya fita sayo masa goro, na rubuta lokacin a bayan katinsa.